Baƙin Shayin Malama

Zuwa ga Injiniya, abokina kuma yayana na dole,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da kuma gadar nan taku da aka fara ginawa tun ina da baƙin gashi. Yaya gwiwa? Ina fatan ka daina yi mata ƙaryar cewa har yanzu kai saurayi ne.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. A dajin da aiki ya jefa ka, sai ka hau tudu kafin a ji muryarka, ni kuwa ba na son tattauna lafiyar iyalina da mutumin da ke haki. Ban da haka, ƙanwarka tana da kunnen da ke jin tafiyar tururuwa ta bayan bango. Don haka a maɗaba'a nake rubuta maka wannan, a teburina na duba kurakurai, bayan na ture littafin wani bawan Allah da ya yi rantsuwa ba zai ɗiga aya ba sai numfashin mai karatu ya ƙare.

Malama ba ta jin daɗi. Kada hankalinka ya tashi, tana kan ƙafafunta, tana zuwa makaranta, tana kuma yi mini faɗa yadda ta saba. Sai dai yanzu takan huta a tsakiyar faɗan, kuma abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Macen da ke iya jero laifuffukana tun daga ranar aure da numfashi ɗaya, sai ga shi ta kai na uku ta nemi kujera. A matakalar gidanmu kuwa takan tsaya a tsakiya, ta yi kamar tana laluben makulli a jaka, alhali makullin yana hannuna. Ga kuma ƙanƙara. Ta koma tauna ta kamar mai cin gyaɗa, firij ɗinmu ba ya iya ajiye ko ƙwara. Na yi ta yi mata tsiya ina cewa na auri injin niƙa, ashe alamar ciwo nake yi wa dariya.

Da ƙyar na ja ta asibiti. Likitar, wata yarinya da ba na jin ta girmi babbar 'yarmu, ta ja fatar idonta ƙasa, muka ga wurin fari fat. Aka auna jini, aka ɗauki hoton ciki. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kuma akwai ƙari a mahaifa. Ba mugun ba ne, alhamdu lillahi, amma shi ke zubar mata da jini, kuma sai an yi aiki an cire shi. Aikin kuwa ba za a taɓa ba sai jinin ya hau. Aka haɗa ta da ƙwayoyin ƙarin jini da na rage zubar, aka ce mu koma bayan wata guda da 'yan kai.

Muna shirin tashi likita ta tambaya ko Malama na shan shayi. Ni na amsa, da alfahari. Ka san duk gidan nan abu ɗaya na iya. Ban iya dafa ƙwai ba, ban iya kashe kyankyaso ba, amma shayina ko maƙiyi ya sha sai ya sa mini albarka, kuma ba a sauke cokali a gidana ba tare da an ɗaga kofi ba. Yarinyar nan ta saurare ni har na gama, sannan ta yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa tsoho. Ta ce jiki yana gina jini da sinadarin ƙarfe, wanda yake samu daga abinci ko daga ƙwayar. Shayi ba shi ya sace jinin ba, amma idan aka sha shi tare da abinci ko da maganin, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya hana kaso mai yawa na ƙarfen shiga, musamman na wake da ganye da na ƙwayar kanta. Na nama da hanta ya fi ƙarfin faɗa. Madara ma, in ji ta, ba ta taimakon lamarin, lemu ne aboki. Ba ta hana shayi ba, ta ce dai a raba su da awa ɗaya ko biyu.

Ka san halina, ba na yarda da magana sai na gan ta a rubuce. Na kwana biyu ina tonon littattafai. Ashe abin da ke kama ƙarfen shi ne mai barin baurin nan a harshe, ana ce masa tanin, dangin abin da majema ke jeme fata da shi. Abin da ya fi burge ni, mutanen dā da irinsa suke haɗa tawada: su gauraya shi da ƙarfe, sai ya koma baƙi. Ka ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin tawada ai ba zai bar wannan ya wuce ba. Na daka ƙwaya ɗaya, na kira Malama kicin, na zuba garin cikin kofin shayi a gabanta. Kafin mu gama gardamar wanda zai wanke turmin, shayin ya yi duhu ya koma baƙi ƙirin. Na ce mata ga abin da muke kitsawa a cikinta, in an matsa ta za a iya buga jarida.

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta tambaye ni ko ke nan duk wanda ya haɗiyi ƙwayar da shayi kamar bai sha ba ne. Na ce kusan haka, gwargwadon kaurin shayin. Rabon da ta saurari karatuna da irin wannan natsuwa har na manta, na ji kaina ya yi girma.

Yanzu dai doka ta kafu. Buta ba ta hawa wuta sai abinci ya yi nisa, ni ma na shiga takunkumin don kada a ce na yi son kai. Ƙwayar kuwa ta ce da sassafe tana tayar mata da zuciya, don haka ta tafi da ita makaranta, tana sha lokacin hutun tara.

Ta ce kada in gaya wa kowa, kai kuwa ba kowa ba ne. Idan kun yi waya ka nuna ba ka san komai ba, abin da ba zai yi maka wuya ba. Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Jan Biro

*

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ina kuma tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Saƙonka ya iso ta hannun direban kamfaninku. Na gode da addu'a, na kuma gyara kurakurai bakwai a ciki, kyauta.

Mun koma asibiti. Jinin bai hau ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Likita ta yi ta juya takardar, ta tambaya ko ana shan magani. Malama ta ce kullum, kuma gaskiya ta faɗa. Ta tambayi shayi, na dafa ƙirji na ce a gidana an yi sulhu. Ta ƙara mana wa'adi, ta ce idan aka dawo bai motsa ba za a ba ta ƙarfen ta jijiya, domin ƙarin nan ba jiranmu yake yi ba. Na zargi kamfanin maganin, na zargi mahaucin da ke sayar mana da hanta, har na fara zargin littattafaina. Malama kuwa a mota har da ɗan waƙe-waƙenta ƙasa-ƙasa. Na ɗauka ƙarfin hali ne.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ranar Laraba shugabar makarantarsu ta zo maɗaba'a buga takardun jarrabawa. Mace ce mai kirki, mai murya kamar ƙararrawar tashi. Ta zauna a gaban teburina tana ba ni labarin yadda suke kula da Malama a ɗakin malamai. Ta ce tun da likita ta yi umarni a riƙa haɗiyar ƙwayar da baƙin shayi mai kauri, ba su taɓa yin sake ba. Malamar lissafi ce ke dafawa, ganye ninki biyu, a bar shi ya yi ta tafasa har sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Har karo-karo suka yi suka sayi sabon filas saboda ita, don ta ƙara wani bayan abincin rana.

Na tambaye ta wa ya gaya musu umarnin likita. Ta ce Malama da bakinta.

Injiniya, na sha ganin kuskure a rubutu, amma ban taɓa ganin wanda aka tsara da kyau irin wannan ba. Na rufa wa matata asiri, na yi wa shugaba godiya, na raka ta har bakin titi. Da na dawo na zauna ina kallon shafi ɗaya har aka tashi. Ni na ɗauka darasi nake bayarwa a kicin, ashe makami nake miƙawa.

Ban ce mata komai ba sai ranar Asabar. Muna gama abincin rana na shiga kicin, na dafa shayi irin na malamar lissafi, na kawo mata har gabanta da ƙwaya ɗaya a gefen faranti. Na ce na ji an ce haka likita ta yi umarni. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai ta ɗora hannuwanta biyu a kan tebur.

"Ina aji shida aka shiga da Inna ɗakin tiyata," in ji ta. "Ta ce in jira ta a kan benci, ba za ta daɗe ba."

Na ce mata zamani ya canza, likitoci sun ƙware, da sauran maganganun da mutum ke yi idan ba shi za a yanka ba. Ta ce duk ta sani, ita ma ta yi makaranta.

"Ni ban ce ba za a yi ba. Na ce dai ba yanzu ba. Muddin jinin bai hau ba, ai ba za su taɓa ni ba."

Na jawo kofin na shanye da kaina, don in sami abin yi da bakina. Ɗaci kamar maɗaci. Matar nan da ke sa sukari cokali uku, wannan take haɗiya kullum, tsoro ne ya zame mata sukari.

Shekarun nan duka na san Inna, Allah ya jiƙanta, a asibiti ta rasu, amma ban taɓa tambayar yadda aka yi ba, ku ma ba ku taɓa faɗa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, na yarda. Sai dai ita yarinya ce a lokacin, bencin kawai ta gani. Kai ne babba, kai ka yi ta shiga da fita. In akwai abin da ka sani wanda ba ta sani ba, lokacinsa ya yi. In ma babu, ka zo ta gan ka. Ka ba gadar nan hutun kwana biyu, ba inda za ta, shekara nawa tana tsaye wuri ɗaya.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙaninka na dole,
Jan Biro

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ka lura yau ban sa "na dole" ba, kada ka saba. Ina fatan ka koma lafiya, ka tarar da iyali lafiya, gwiwa kuma ta yafe maka matakalarmu.

Na ce muku zan shiga kicin in ba ku wuri, kuma na shiga, amma ka san ƙofar kicin ɗinmu ba ta rufuwa. Tun muna 'yan makaranta nake tare da kai, ban taɓa jin ka faɗi abin da ka faɗa ranar nan ba. Ban san Inna ta yi shekaru tana ɓoye irin wannan ciwon ba, tana cewa sai yara sun gama jarrabawa, sai an biya haya, sai an ga yadda hali ya yi. Ban san a galabaice aka kai ta ba, ko cewa kai ka yi ta zaga gari kana roƙon wanda zai ba da jini, ka dawo da mutum biyu bayan an riga an fito da gawarta. Da ka ce mata ba wuƙa ce ta ɗauke Inna ba, jira ne, na ji cokali ya faɗi daga hannuna. Na san kun ji, na gode da kuka yi kamar ba ku ji ba.

Kada ka ɗauka daga tafiyarka komai ya daidaita. Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta hannun bango: a gaya wa mai kai ƙara abincinsa na kan tebur. Kai ma ka sami rabonka, ta ce kun bar ta ta girma tana tsoron abin da ba shi ne abin tsoro ba. Na ce kai ma yaro ne a lokacin. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Ran na huɗu ta dawo daga makaranta ta dire sabon filas ɗin nan a gabana. Ashe ta tara malamai ta faɗa musu gaskiya da bakinta. Malamar lissafi, in ji ta, har da hawaye, wai an sa ta zunubi da hannunta. Yanzu ɗakin malamai ya zama ofishin 'yan sanda. An kulle buta a kabad ɗin shugaba, malamin wasanni yana zuwa da lemu a aljihun wando, kuma ba a barinta ta haɗiyi ƙwaya sai da shaidu.

A gida kuwa, jiran da muke yi tsakanin abinci da shayi ya zama wani abu dabam. Dā muna ajiye kofi kowa ke kama gabansa, ni littafi, ita takardun yara. Yanzu sai mu zauna a baranda muna jiran agogo ya ba mu izini, kuma tun da ba abin yi, sai mu yi hira. Ta ba ni labarin Inna fiye da duk wanda na ji tun aurenmu: yadda take yanke muku farce da reza tana ba ku labarin ƙarya don ku tsaya, da yadda take kiranka da sunan da na yi alkawarin ba zan rubuta ba, amma na adana shi don ranar da za ka ɓata mini rai.

Shekaranjiya aka sake awo. Jinin ya hau, har likita ta ce ba sai an bi ta jijiya ba. Malama ta karɓi takardar kamar ɗalibar da ta ci jarrabawar da za ta raba ta da gida. Da aka tambaye ta ranar da take so, na buɗe baki zan ce a ba mu lokaci mu yi shawara, sai ta riga ni, ta ce ranar da ta fi kusa. Talatar makon jibi ke nan.

Ba wai tsoron ya tafi ba ne. Jiya ta kira ni ɗaki za ta nuna mini inda takardun makarantar yara suke, da yadda ake kunna injin wanki. Na ce ba zan koya ba. Ta ce wannan taurin kai ne, na ce eh. Duk abin da take so a sani a gidan nan, ta dawo ta yi shi da kanta.

Mun gaya wa yara, babbar za ta zo ta kwana da ita. Kai dai ka yi mana addu'a, ka kuma hau tudun nan naka ranar Talata.

Naka,
Jan Biro

*

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka riga ka ji a waya cewa an yi lafiya, amma iska ta cinye rabin maganata, ni ma kuma muryata ba ta zauna ba a lokacin. Ga sauran.

An yi aikin, an cire ƙarin, ba a ma buƙaci ƙara mata jini ba. Yau ta taka har ƙarshen baranda ta dawo, tana dafe da 'yarta, tana gyara wa nas-nas yadda ake shimfiɗa zanen gado. Likita ta ce za ta ci gaba da ƙwayar wasu watanni, shayi kuma yana nan a matsayinsa, nesa da abinci. Malamai sun zo dubiya da lemun da zai ishi unguwa.

Da safen da za a shiga da ita, hannunta ya yi sanyi kamar ƙanƙarar da ta daina ci. Aka turo gadon har bakin ƙofa. Na ga ta kalli bencin da ke wurin, sannan ta kalli 'yarta, ta ce mata kada ta zauna a nan, ta je ta nemo wa babanta abin karyawa. Ni ne na zauna a kansa. Na zo da littafi, kuma ina tabbatar maka ban san ko a juye na riƙe shi ba.

Da aka fito da ita aka ce in shiga, mutum ɗaya kawai. Tana kwance, leɓɓanta a bushe, idanu a rufe. Na tsaya a kanta ina kiran sunanta, wanda rabon da in faɗe shi a fili tun kafin a haifi yara. Can ta buɗe ido, ta daɗe tana nemana kafin ta same ni. Ta kama hannun rigata, ta jawo ni kusa, da wata murya ƙanƙanuwa.

"Ka je ka gaya musu na shirya. Su fara."

Na ce mata an gama tun ɗazu, har an ɗinke. Ta lallaɓa hannu ta taɓa bandejin.

"Amma ba a kyauta mini ba," in ji ta. "Duk jarumtar da na tara."

Daga nan ta koma barci, ba ta saki rigar ba. Haka na tsaya a sunkuye har nas ta zo ta cece ni.

Tana gaishe ka, ta ce ta yafe maka rabi. Ka gaida uwargida da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Jan Biro